Yadda Aka Sauko da Gingimari

A tsaye suka yi cinikin, Tela da Mai Walda, a tsakiyar tsohon siton, kowa ya yi magana sai rufin kwano ya dawo masa da muryarsa. Da can tayoyin manyan motoci ake jibgewa a wurin, har yanzu warin roba bai bar bangon ba. Mai ginin ya ce su je su daidaita tsakaninsu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, shi ba ruwansa da wanda ya hau.

"Ni sama nake so," in ji Tela. "Da ido nake cin abinci. In babu haske, zare ma ba ya yarda ya shiga allura."

"Ɗauki samanka," Mai Walda ya ce. "Wa ya ce maka ina sha'awar hawa bene da ƙyauren ƙarfe a ka? Amma da sharaɗi."

Ya ɗaga hannu ya nuna saman kansu. A daɓen benen akwai wani murfin ƙarfe mai faɗin gado, wanda a da ake ɗagawa a zuro tayoyi. Daidai kansa, can a jikin dogon ƙarfen da ya ratsa rufin, injin sarƙa ne rataye da ƙugiyarsa.

"Nan ƙarƙashin murfin zan yanka ɗakin iyalina, don nan kaɗai ne danshi ba ya kaiwa. Ba zan yarda matata tana kwance wani ya ɗaga murfi ya ce a ba shi aron ashana ba. Liƙe shi zan yi, liƙewar da babu buɗewa."

"Ka ba ni yini guda in hau da kayana."

"Na ba ka."

Suka tafa. Tela ya tafi gida yana dariya a ciki. Tagogi duk a sama suke, iska a sama take, sauro kuwa kafin ya hau can ya gaji. Ya bar wa Mai Walda duhu da zafi da ƙurar titi, mutumin ma har godiya yake yi.

Ranar tarewa injin sarƙar nan ya yi aikin jaki goma. Aka hau da keken ɗinki, da teburin yanka, da gado, da durom ɗin ruwa. Abin da ya rage shi ne mahaifin Tela, tsohon direban babbar mota, wanda tun yana kan hanya ake ce masa Gingimari, don in ya tsaya a ƙofa sai ya tare hasken ɗaki. Gwiwoyinsa sun daɗe da ajiye aiki. Ya tsaya ya ƙare wa matakalar benen kallo, wata siririyar matakalar ƙarfe mai murɗewa da aka yi don akawun sito, ya girgiza kai.

"Wannan ai ta ƙadangaru ce. Ko rabina ba zai wuce kwanar nan ba."

Sai aka zaunar da shi a kujerarsa, aka ɗaure, aka maƙala a ƙugiya. Yana tashi sama yana yi musu oda da baki, yana cewa, "Zo, zo, zo! Hannun hagu! Tsaya nan!" Matar Tela ta yi dariya har da riƙe ciki. Matar Mai Walda, wadda ake kira Maman 'Yan Biyu, ta rufe baki da gefen mayafi tana ƙyalƙyalawa. Kafin rana ta faɗi Mai Walda ya hau da injinsa ya bi gefen murfin ya liƙe shi ta ko'ina.

Manya huɗu da hankalinsu suka tsaya suna tunanin yadda za a hau da tsoho, babu ɗaya da ya yi tunanin yadda za a sauko da shi. In shi tsohon ya yi, to bai faɗa ba.

Zaman sito ba zaman gida ba ne, sai wanda ya yi shi. Bangon ɗakuna katako ne, bai kai rufi ba, in ka yi atishawa a ɗakinka sai a yi maka sannu daga wancan ƙarshen. In aka yi ruwan sama, kwanon nan ba ya barin a ji ko kiran suna. Ofishin akawu ya zama banɗaki, ƙugiyar injin sarƙa ta zama maratayar ɗinkin da aka gama. Gingimari kuwa aka ajiye masa kujera a bakin taga. Daga nan yake kallon manyan motoci ta tsakanin sandunan ƙarfe, yana gaya wa duk mai saurare wadda birkinta ya kusa mutuwa da wadda direbanta bai iya canja giya ba. Mai kemis yakan hau ya kawo masa maganin hawan jini. Wanzami yakan hau. Shi dai bai sauka ba.

Ba a daɗe ba zaman ya fara tsami. In matar Tela ta wanke daɓe, ruwa ya ɗiga a kan shanyar Maman 'Yan Biyu. In Tela ya taka keke, 'yan ƙasa su ce kamar a kan ƙoƙon kansu ake takawa. In Mai Walda ya kunna inji, hayaƙi ya tashi ya shige yadin mutane, a zo karɓar ɗinki a ce yana warin gareji. Gaisuwa ta koma ɗaga hannu, ɗaga hannu ya koma kau da kai.

Wata rana Tela ya manta dutsen guga a kan rigar wani, ta ƙone. Ya daɗe yana kallon ƙunar, sannan ya ninke rigar ya tafi wurin mai gini. Ya ce tartsatsi ne ya taso daga ƙasa, yau riga ce, gobe ginin ne gaba ɗaya. Mai gini ya ji an ambaci gobara, bai ko tsaya bincike ba. Ya ce kwana dai Mai Walda ya kwana, amma inji ya bar masa gini. Haka aka kwashe injin walda da na yankan ƙarfe aka kai rumfar wani abokinsa can ƙarshen gari, inda babu wanda ya san shi. Aiki ya ja baya. Yawancin ranaku sai ka gan shi zaune a bakin babbar ƙofa yana sakace haƙori, in Tela ya zo wucewa ya ɗaga kai yana nazarin gajimare.

Ana nan, wata ranar hutun ƙarshen mako da rana tsaka, Tela na kan keke, sai ya ji kofi ya faɗi. Bai waiga ba.

"Baba, ka sake zubar da shayin?"

Sai wani irin gurnani.

Da ya juya, tsohon ya zame daga kujera, rabin jikinsa a ƙasa. Bakinsa ya karkace gefe, miyau na dalala a gemu, hannun dama ya saki kamar ba nasa ba. Ido ɗaya ne kawai ke bin Tela.

"Baba! Baba, ka ji ni? Ke, zo! Zo da sauri!"

Matar ta fito da kumfar sabulu a hannu, tana ganinsa ta ɗora hannu a ka ta fara salati. Tela ya kira mai kemis a waya. Mai kemis bai bari ya gama bayani ba.

"Shanyewar jiki ce. Kada ku ba shi ruwa, kada ku ba shi komai. Ku kai shi asibiti yanzu, yanzun nan. Irin wannan ba ta jira, duk abin da ya mutu kafin ku isa ya mutu ke nan."

Ya kira motar asibiti, aka ce tana wani wurin, kuma ko ta zo a bakin ƙofa take tsayawa. Ya kira 'yan kwana-kwana, wayar ta yi ta ƙara babu mai ɗauka. Unguwar kuwa ta masana'antu ce, ranar hutu ko kare ba ka gani.

Suka ja tsohon a kan bargo har bakin matakala. Tela ya sauka taki biyu ya juya baya, ya ce ta turo masa shi a kafaɗa. Nauyin na sauka a kansa ya ji ƙashin bayansa ya amsa. Suka kai kwanar farko, kafaɗar tsohon ta cije tsakanin ginshiƙi da ƙarfen dafawa, ba gaba ba baya. Ƙafar da ta mutu ta zura ta tsakanin matakala tana lilo. Gurnanin ya canja, ya koma kamar na mai shaƙewa.

"Maigida, za mu kashe shi! Wuyansa ya lanƙwashe! Mu mayar da shi!"

Da ƙyar suka jawo shi baya. Tela ya zube a daɓe yana haki, sai ya ga a kan me yake zaune. Tabarmar roba ce, a ƙarƙashinta kuma murfin nan. Matar ma shi take kallo.

"Je ka wurin Mai Walda," ta ce.

"Ba zai saurare ni ba."

"To zauna ka yi ta kallon ubanka."

Ya sauka yana haɗa matakala bibbiyu. Mai Walda na nan inda ya saba, a kan wata tsohuwar taya, da tsinke a baki. Ganin Tela ya nufo shi, sai ya ɗaga kai sama.

"Maƙwabci."

Mai Walda ya ci gaba da sakace haƙori.

"Ɗan'uwa, don Allah. Baba ne. Jikinsa ya shanye, matakala ta ƙi shi. Murfin nan nake so ka buɗe."

Mai Walda ya cire tsinken ya dube shi, ya mayar.

"Da me?"

"Da injinka mana, na yankan..."

Bai ƙarasa maganar ba. Mai Walda ya bar shi ya haɗiye ta shi kaɗai, bai taya shi ba.

"Injina yana ƙarshen gari," ya ce a hankali. "A rumfar da mai ita ya kulle ya tafi ganin iyayensa. Ka san wanda ya kai shi can, ko in tuna maka?"

Tela ya durƙusa a kan simintin. Bai san ya yi ba, sai dai ya ji sanyi a gwiwa. Daga sama gurnanin tsohon na saukowa, don a gidan nan babu abin da ke ɓuya.

Labulen ɗaki ya ɗaga, Maman 'Yan Biyu ta leƙo. Ba ta dubi Tela ba.

"Baban 'Yan Biyu, tsohon nan bai taɓa yi maka komai ba. Kullum ta taga yake jefo wa yaranka alewa."

Mai Walda ya tofar da tsinken. Ya shiga ciki, aka ji yana watsi da ƙarafa, ya fito da wata ƙatuwar guduma da kurfi, guntun ƙarfen nan mai kaifin baki da ake sare ƙarfe da shi.

"Abin da ka bar min ke nan. Mu je."

A sama ya yaye tabarmar, ya tsuguna ya shafa waldar da yatsa. Kauri gare ta kamar igiya, ta zagaye murfin babu inda ta yanke.

"Ka ga ɗinki," ya ce. "Ba irin naka ba da ake sawa sau biyu ya warware." Ya leƙa fuskar tsohon. "Baba Gingimari, ka riƙe sitiyari, yanzu za mu fitar da kai." Sannan ya miƙa wa Tela kurfin. "Gudumar nan hannu biyu take ci. Kai za ka riƙe."

Tela ya dubi kurfin, tsawonsa bai fi tafin hannu da rabi ba. Ya dubi kan gudumar. Ya dubi yatsunsa, waɗanda da su yake zura zare, da su yake bin bakin yadi a ƙarƙashin allura. Sannan ya ɗaga ido ya dubi mutumin da ya raba da sana'arsa, tsaye a kansa, ya ware ƙafafu.

"Riƙe mana. Ko ka fasa?"

Ya riƙe.

Dukan farko ya ratsa masa hannu har haƙori. Siton gaba ɗaya ya ɗauka, tattabarun rufi suka watse. Waldar ko gezau. Na biyu, na uku, sai ga ɗan tsagi kamar gashi.

"Karkata shi. Ba haka ba, kai! Kamar za ka fere ƙwarya. Yawwa. Kada ka rufe ido, in ka rufe ido hannunka motsi yake."

Suka bi gefen farko taki da taki. Gumi na zuba daga haɓar Mai Walda a kan wuyan hannun Tela. Matar Tela na zaune ta ɗora kan tsohon a cinyarta, tana goge masa baki, tana kiran sunayen Allah. Duk bayan 'yan dukan sai Tela ya saci kallon ƙirjin uban, ya ga ko yana ɗagawa.

"Nan za ka duba, ba can ba," in ji Mai Walda. Ya ɗaga guduma, ya tsaya da ita a sama. "Wai ni kam, Tela."

"Na'am."

"Tun ina yaro nake wasa da wuta. Tartsatsi ɗigo yake yi, kamar cizon sauro." Guduma ta sauka. "Ban taɓa ganin wanda ya yi ƙuna mai faɗi a baya da tsini a gaba ba." Ta sake sauka. "Sak dutsen guga."

Kurfin ya yi zafi a hannun Tela, gumi ya sa yana santsi, amma bai isa ya saki ba, bai kuma isa ya ɗaga kai ba.

"Mai gini ya nuna min rigar," Mai Walda ya ce. "Matsa gaba."

Gefe biyu suka tafi. A na uku sai suka ji wani dukan daban daga ƙarƙashinsu. Maman 'Yan Biyu ce ta hau kan gadonta da taɓarya tana farfasa silin ɗin da mijinta ya buga mata a ƙarƙashin murfin, wanda ta yi wa fenti da hannunta.

"Ku yi ta kanku!" ta ɗaga murya. "Nan na kusa gamawa!"

"Maigida," matar Tela ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "idon nan ya fara rufewa."

"Yi masa magana! Kada ki bar shi ya yi barci!"

"Baba, ga wata mota can ta shigo layi. Baba, wace iri ce? Ka ji kukanta?"

Mai Walda ya ƙara sauri. Numfashinsa ya koma kamar zuga-zugi, gudumar ta fara sauka ba daidai ba, wani dukan a tsakiya, wani a gefe. Saura ɗan abin da bai fi taƙi ɗaya ba a kusurwar ƙarshe, kurfin ya goce, guduma ta sauka a kan babban yatsan Tela na hagu.

Bai yi ihu ba, don numfashin ma ɗaukewa ya yi. Ya ga farcen ya rabe biyu, jini ya biyo baya a hankali. Mai Walda ya tsaya, gudumar a ƙasa, suka dubi juna. Ko kuskure ne, ko ba kuskure ba, Tela bai tambaya ba a ranar, bai kuma taɓa tambaya ba.

Ya ɗauki kurfin da hannun dama ya mayar a kan waldar.

"Buga."

Duka biyu ta rabu. Suka zura ƙarfen gado a ƙarƙashin murfin suka banƙara, ya tashi da ƙara kamar ana yanka shi. Ga ɗakin Mai Walda a buɗe a ƙasa, gado da madubi da kwanukan jere, ɓaraguzan silin ko'ina, Maman 'Yan Biyu tsaye a tsakiya, kanta fari fat da ƙura.

Tsoho ba zai zaunu a kujera ba. Suka kwantar da teburin yanka, suka karya masa ƙafafu, suka mirgina shi a kan allon. Igiya babu. Tela ya fizgo yadin mutane daga kan kanta, wanda aka kawo jiya da wanda aka kawo wancan makon, masu tsada da marasa tsada, ya ɗaure uban a ƙirji da ƙugu da gwiwa. Ya haɗa wasu ya yi majanyi huɗu daga kusurwoyin allon zuwa ƙugiya, yana jan ƙulli da haƙori, jininsa na ɓata duk wanda ya taɓa. Matarsa ta watsar da rigunan da ke rataye a ƙugiyar.

"Ni zan tara a ƙasa," in ji Mai Walda. "Ka ja siririyar sarƙar nan a hankali. A hankali na ce. Tun ranar da kuka tare ba a taɓa ta ba."

Allon ya tashi daga daɓe, ya yi lilo, ya tsaya a kan ramin. Yadin ya miƙe yana ƙara. Tela ya juya sarƙar, tsatsa na zubo masa a ido, Gingimari ya fara nutsewa kaɗan-kaɗan, ƙafafu da ciki da gemu, har fuskarsa ta wuce bakin daɓen.

Sai sarƙar ta cije.

Ya ja, ta ƙi. Ya rataya da duk nauyinsa, ta ƙi. Tsohon na rataye tsakanin sama da ƙasa, ya yi wa na sama nisa, na ƙasa kuma ko da ya hau gado ya yi ɗage, yatsunsa kawai ke shafar allon.

"Me ya faru?"

"Ta ƙi!"

"Kada ka fizga! In haƙorin ciki ya karye gaba ɗaya zai taho!"

"Wayyo, ƙullin can!" Maman 'Yan Biyu ta yi ƙara. "Na wajen kansa! Zamewa yake!"

Tela ya leƙa. Wani yadi ne mai santsi, ƙullin na tafiya a hankali kamar mai rai, allon ya fara sunkuyawa ta wajen kai.

Matarsa ce ta ɗauko 'yar robar man keke ta cusa masa a aljihu. Injin yana can sama, a jikin ƙarfen rufi, daidai tsakiyar ramin. Tela mutum ne da ko kan kujera ya hau sai jiri ya ɗebe shi. Ya jawo durom ɗin ruwa bakin ramin ya hau, matar ta rungume ƙafafunsa. Ya kama ƙarfen rufin da hannun da ya fashe, ya miƙa jikinsa a kan ramin. A ƙarƙashinsa fuskar ubansa ce, ido ɗaya a buɗe, yana kallonsa. Ya matse robar a cikin injin har ta ƙare, man na gangarowa ta hannun rigarsa.

"Mayar da ita baya kaɗan tukuna!" Mai Walda ya yi tsawa. "Sama! Sannan ƙasa!"

Daga kan durom ɗin ya kamo sarƙar ya ja ta baya. Wani abu ya yi ƙas a ciki. Ya juya ta, ta tafi.

Allon bai gama sauka ba ƙullin ya kwance. Kan allon ya faɗo, Mai Walda ya tare da kafaɗa, ya durƙushe a kan katifa da nauyin duka a wuyansa, yana zagin Tela da tsatsar da wanda ya ƙera injin. Amma bai saki ba.

Kafin Tela ya sauko, Maman 'Yan Biyu ta naɗe babbar ƙofa ta fita titi ba ko takalmi, ta tsaya a gaban wata babbar mota da ta fito daga lodi. Direban ya leƙo zai yi masifa, ta ce tsohon direba ne ba shi da lafiya. Ya diro bai ƙara tambaya ba. A bayan motar aka shimfiɗa Gingimari, a kan allonsa, ɗaure da yadin mutane, aka tafi ana danna oda.

Ya rayu. Likita ya ce da an ƙara jinkiri da sai dai wani labarin, da an zo da wuri kuma da hannun bai tafi ba. Ɓarin dama bai dawo ba, magana ta dawo rabi. Hawa bene kuwa, ko a kujera ko a ƙugiya, likita ya ce kada ya sake jin zancen.

Don haka Tela ya sake zuwa bakin babbar ƙofa, da yatsa naɗe a bandeji, ya roƙi a yi musaya. Mai Walda ya saurare shi har ƙarshe yana sakace haƙori. Ya ce shi da ba shi da inji a nan, me zai yi da babbar ƙofa? Ya yarda, da sharaɗin murfin ya zauna a buɗe, don ba matarsa ce za ta riƙa hawa da ruwa ta matakalar ƙadangaru ba.

To, in lissafi ake so, ga shi. Mai Walda ya samu iska da haske da tagogi, amma har yau a ƙarshen gari yake aiki, kafaɗarsa kuma ba ta ƙara ɗaga guduma sama da kai ba. Maman 'Yan Biyu ta yi asarar silin, ta samu wurin shanya da babu mai ɗiga mata ruwa. Tela ya riƙe ubansa, ya rasa sauran: masu yadi rabinsu ba su dawo ba, yatsan ya warke a sandare, yanzu da rana tsaka sai ya kunna fitila yake ɗinki, durom na wucewa ta tsakiyar ɗakinsa safe da yamma. Wanda ya ci riba tsantsa Gingimari ne. Kullum yana bakin babbar ƙofa a kujerarsa, ƙafarsa a kan ƙasa, direbobi na rage gudu su yi masa oda, shi kuma yana ɗaga hannun da ya rage yana gaya musu, da rabin baki, cewa ba su iya tuƙi ba.